MASU DAFA DUTSE: YADDA A KE FID DA JAN ƘARFE DA GAWAYI DA ZUGAZUGI

Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu kan ji maganar nan mu wuce, don mun ɗauka karin magana ce kawai. To, jama'a masu karatu, akwai mutanen da ke dafa dutse da gaske, kuma romon da su ke samu shi ne jan ƙarfe, wanda wasu ke ce wa jan gaci, wasu kuma tagulla.

A ƙasashen Turai da Amurka a kan samu malamin lakol, ko ma'aikacin biro, ko tsohon da ya aje aiki, wanda ya mai da wannan abu abin sha'awarsa. Ranar hutu sai ya kwaɓa yumɓu, ya gina ɗan murhu bayan gida, ya zuba gawayi da garin wani koren dutse, ya yi ta zuga tun hantsi har la'asar. In ya yi sa'a, sa'ad da ya tona toka sai ya tarad da ɗan curin jan ƙarfe wanda bai fi ƙwan zabo ba. Ba sana'arsa ba ce, ba ya kuwa sayar da abin da ya samu. So ya ke ya gani da idonsa yadda mutanen da su ka mai da dutse ƙarfe. A kudancin Ingila ma akwai wata gona da a ke kira Butser, wadda tun 1972 a ke gwada ayyukan mutanen zamanin da cikinta, har da wannan.

Mai karatu zai ce: ina ruwanmu da wasan Turawa? Ruwanmu kuwa babba ne. Aikin da su ke kwaikwayo ranar Lahadi, mutanen jihar Agadas sun yi shi fiye da shekara 2500 da su ka wuce, kuma akwai lokacin da jan ƙarfen ƙasarmu shi ne kuɗin cefane.

NARKAWA DABAN, FITARWA DABAN

Duk wanda ya shiga kasuwar Katako ta Yamai ya ga masu zubin tukwane. Su kan tara guntayen alminiyom, su narka, su zuba cikin ƙirar da su ka yi da rairayi, tukunya ta fito. Haka maƙeran fari su ke yi da tsohuwar waya ko tsohon munduwa. Wannan narkawa ce: ƙarfe ne a ka sa wuta, ƙarfe ne ya fito, siffarsa kaɗai ta sake.

Aikin da mu ke magana bisa kansa ya wuce nan. Abin da a ke sa wa wuta dutse ne, wanda ko an farfasa shi ba a ganin ƙarfe ciki. Jan ƙarfen yana nan, amma a ɗaure ya ke da wasu abubuwa, kamar yadda mai ya ke ɓoye cikin gujiya. Zafi kaɗai ba ya kwance shi. Sai an haɗa zafi da gawayi, an kuma san yawan iskar da za a ba wutar.

Ɗan Adam ya daɗe da gano wannan asiri. Shaida mafi tsufa da a ka samu ta fito daga wani wuri da a ke kira Belovode, cikin ƙasar Sabiya, inda a ka yi aikin tun wajen shekara 7000 da su ka wuce. Jan ƙarfe ya riga baƙin ƙarfe shiga hannun mutane da dubban shekaru. Daga baya a ka koyi gauraya shi da kuza ko da tutiya don ya ƙara ƙarfi ko ya sake launi.

DUTSEN DA A KE DAFAWA

Dutsen da masu sha'awa su ka fi so shi ne wanda masana ke kira malakit. Kore ne shar, da zane-zane kamar na cikin itace, shi ya sa a ke yin duwatsun wuya da shi. Launinsa ɗaya da tsatsar nan kore da ke fitowa jikin tsohon munduwa in ya daɗe cikin laima. In malakit tsantsa ne, kashi 57 bisa 100 na nauyinsa jan ƙarfe ne. Ke nan cikin kilo guda akwai garam 570, ko da ya ke babu ɗan koyon da ke fid da shi duka. Mai yawa daga wanda a ke sayarwa duniya daga yankin Katanga na ƙasar Kwango ya ke fitowa. Can ma tun zamanin da mutanen wurin su kan dafa shi, su zuba ƙarfen da siffar gicciye, su yi ciniki da shi tamkar kuɗi.

Akwai wani dutsen mai ƙyalli ruwan zinariya, sunansa kalkopirit, shi ne manyan masana'antu su ka fi aiki da shi yau. Jan ƙarfen cikinsa kashi 34 ne da ɗoriya bisa 100, a ɗaure da baƙin ƙarfe da farar wuta. Kafin a dafa shi sai an gasa shi a fili farar wutar ta fice, hayaƙin kuwa yana ƙona maƙogwaro da huhu. Wannan dutse ba na bayan gida ba ne.

YADDA AIKIN KE TAFIYA

Kayan aikin duk maƙerin ƙauye ya san su: yumɓu, gawayi, zugazugi, awartaki, masaba.

Da fari a kan haƙa rami mai faɗi da zurfin wajen santimetir 30, a shafe cikinsa da yumɓun da a ka kwaɓa da ƙaiƙayi ko kashin jaki, kamar yadda magina tukwane su ke yi don kada ya tsage. A kan ɗaga masa baki kaɗan bisa ƙasa. Sa'an nan a gina bututu na yumɓu wanda zai kai iskar zugazugi har tsakiyar gawayi. A bar su kwanaki su bushe sarai, don ɗanyen yumɓu fashewa ya ke in ya ji wuta.

Dutsen kuwa sai a daka shi ya koma kamar tsaki, a tsince farin tsakuwa da ƙasa a zubar. Gawayi a fasa shi daidai girman goro. Na itace mai tauri ya fi, shi ya sa maƙeranmu ba su haɗa gawayin ƙirya da kowane.

Ranar aiki a kan hura wuta da gawayi zalla har ramin ya yi ja. Daga nan a riƙa zubawa bi da bi: tafin garin dutse, sa'an nan gawayi ya rufe shi, a sake zuba dutse, a sake rufewa. Masu zuga ba su tsayawa; in hannun wannan ya gaji, wancan ya karɓa. Can sai a ga harshen wuta ya juya kore. Alama ke nan jan ƙarfe ya fara motsi.

Ga abin da ke faruwa ciki. Da malakit ya ji zafi, ruwa da iskar da ke jikinsa su kan fice, ya koma baƙin gari. Baƙin garin nan jan ƙarfe ne a haɗe da oksijen, wato sashen iska da wuta ke ci. Gawayin da ke cin wuta a wuri matsattse ya kan haifi wata iska mai yunwar oksijen, wadda masana ke kira monoksid na karbon. Ita ce ke ratsa baƙin garin, ta fizge oksijen ɗinsa, ta bar ƙarfe tsirara. In zafi ya kai, ƙarfen ya narke, ya gangara ƙasan rami ɗigo-ɗigo.

Zafin da a ke bukata ba kaɗan ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Alminiyom na masu tukwane yana narkewa a digiri 660. Jan ƙarfe sai a digiri 1085, don haka dole cikin murhu ya wuce nan, ya kai wajen 1200. Nan gwanintar ta ke. In zuga ta yi kaɗan, zafi ba ya isa. In iska ta yi yawa ta fi ƙarfin gawayi, sai ta sake ƙone ƙarfen da ya fito, ya koma gari. Mutanen da ba su da ma'aunin zafi. Da launin wuta da ƙarar zugazugi su ke ganewa, kamar yadda mai tuwo ke sanin ruɗenta ya yi ba tare da ta duba agogo ba.

Bayan awa ɗaya ko biyu, ko fiye, a kan tsai da zuga a tona ramin. Sau da yawa ɗan koyo ba ya tarad da curi guda. Abin da ya ke samu shi ne dunƙulen kashin maƙera, baƙi mai ramuka, da ƴan ƙwayoyin jan ƙarfe a warwatse ciki kamar gero cikin ƙasa. Kashin nan ƙasa ce da tsakuwa da tokar gawayi da su ka narke tare. Sai ya huce a farfasa shi, a tsince ƙwayoyin ɗaya ɗaya, a tara su cikin ɗan kasko na yumɓu, a rufe da gawayi, a sake narkawa, sa'an nan a zuba cikin busasshiyar ƙira. Wani lokaci kuma wuni guda ya kan tafi a banza: bututu ya toshe, ko murhu ya tsage, ko a tona a tarad da baƙin gari kawai.

TAKADDA, GARIN JAN ƘARFE

Yanzu mu komo gida. Cikin shekara ta 1353, matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya sauka wani gari da ya kira Takadda. Ya ba da labari cewa mahaƙar jan ƙarfe tana bayan gari, a kan kawo abin da a ka haƙo cikin gidaje, bayi maza da mata su narka shi. Su kan yi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu masu kauri, wasu sirara. Masu kauri 400 a ke bayarwa bisa miskali guda na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Miskali bai cika garam 5 ba. Sandunan nan su ne kuɗin garin: da sirara a ke sayen nama da itacen wuta, da masu kauri a ke sayen hatsi da man shanu da alkama, har da bayi. Ya ce a kan kai ƙarfen Barno, da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da dama su ka ɗauka Gobir ce.

Yawancin masu bincike sun yarda Takadda ita ce kangon Azelik, arewa da Ingal, kusa da Tagiddan Tesum inda a ke yin gishiri. Cikin shekarun 1970, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer sun yi bincike a wurin. An tarad da kufan gidaje da masallatai da maƙabartu, da duwatsun niƙa, da gutsattsarin ƴan kasake na narka ƙarfe. A yankin nan jan ƙarfe ya kan zo ƙanana ƙanana, tsantsarsa, a maƙale cikin dutse mai tauri. Ke nan babban aikin shi ne daka da niƙa da tsinta, kafin a kai ga wuta. Labarin baka ya ce bayan da garin ya faɗi a yaƙi da sarautar Agadas, waɗanda su ka tsira sun koma Ingal da Tagidda, su ka kama aikin gishiri.

Amma aikin ya girmi Takadda nesa ba kusa ba. Wani mai bincike, Danilo Grébénart, ya tona tsofaffin murahu a wurare kamar Afunfun, kudu da Agadas, tare da kashin maƙera na jan ƙarfe. Awo ya nuna an yi aiki da su cikin shekaru 1000 na kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A wannan zamani ne kuma mutanen Akjujt, cikin ƙasar Muritaniya, su ke haƙar malakit suna dafawa.

ABIN DA GWAJI KE KOYARWA

In don riba ce, babu mai hankalin da zai shiga wannan wahala. Cikin shekara ta 2023 mahaƙan duniya sun fid da jan ƙarfe wajen tan miliyon 22, ƙasar Cili ce kan gaba. Manyan injuna suna niƙa dutsen da ƙarfen cikinsa bai kai kashi 1 bisa 100 ba, su ci riba. Ɗan curin da mai sha'awa ya samu bai biya kuɗin gawayin da ya ƙona ba.

Ribar tana wani wuri. Wanda ya wuni yana zuga don ƙarfen da bai cika tafin hannu ba, in ya ji an ce sanda 400 bisa miskali guda, ba zai ji ta kamar lissafin lakol ba. Zai tambayi kansa: hannu nawa su ka daka dutsen nan? Itace nawa a ka sare, a ƙasar da itace ke da wuya? Zai tuna kuma da bayin nan maza da mata, waɗanda guminsu ne ya zama kuɗin garin, har a ke sayen ƴan uwansu da shi. Matafiyi ya rubuta farashi, amma nauyin aikin sai wanda ya taɓa shi.

Gwaji yana kuma gyara kuskure. Da fari an zaci wasu ƙonannun ramukan yankin Agadas murahu ne da su ka kai shekara 4000. Cikin 1988 a ka sake auna su, tare da shi Grébénart ɗin, sai a ka gane da yawansu kututturan itatuwa ne da su ka ci wuta cikin ƙasa har yumɓun gefensu ya gasu. Ba kowace ƙonanniyar ƙasa ce murhu ba. Wanda ya saba gina murhu, ya ga irin kashin da ya ke bari da yadda bakin bututu ke narkewa, shi ya fi saurin rarrabewa.

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci gare mu. Sanin nan ba a takarda ya ke zaune ba, a hannu ya ke, kuma hannu mutuwa ya ke. Cikin shekarun 1960, Nicole Echard ta ɗauki fim na maƙeran Adar suna dafa tama su fid da baƙin ƙarfe, lokacin da guntayen mota sun riga sun fara kashe sana'ar. An yi sa'a tsofaffin da su ka san aikin suna da rai. Na jan ƙarfen Azelik kuwa babu wanda ya ɗauka, babu wanda ya gada. Hanyar da ta rage ta kusantar saninsu ita ce a sake gina murhu a gwada.

HATTARA DAI

Duk wanda abin ya ba sha'awa, to, ya san da wuta da guba zai yi wasa.

Iskar nan monoksid ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce ke kashe masu kwana da gawayi cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Ba a wannan aiki sai a fili. Narkakken ƙarfe in ya taɓa laima tartsatsi ya ke yi ya fantsama, don haka ƙira da awartaki su zama busassu ƙayau. A sa tufafin auduga da takalmi rufaffe, a kare ido. Rigar leda narkewa ta ke ta manne da fata. A kau da yara.

Dutsen da ba a san asalinsa ba, kada a daka shi, kada a sa shi wuta. Dutsen jan ƙarfe ya kan zo da arsenik ko dalma. Gawar mutumin nan da a ka tsinta cikin ƙanƙarar duwatsun Alpes a 1991, wanda ya rayu fiye da shekara 5000 da su ka wuce, an same ta da gatarin jan ƙarfe, an kuma tarad da arsenik cikin gashin kansa. Kusa da mu, a jihar Zamfara ta Nijeriya, cikin 2010, yara wajen 400 su ka rasu saboda an riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da su ke wasa. Turmin gida na hatsi ne, ba na dutse ba. A yankin Azelik kuma jan ƙarfe maƙwabcin uraniyom ne, har an buɗe mahaƙarsa a wurin. Sai masanin duwatsu ya duba tukuna.

A tuna da daji. Kafin a samu kilo guda na gawayi irin yadda a ke yinsa gargajiyance, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace, ƙirya kuwa ta yi wuya a wurare da dama. Gwaji guda da a ka shirya da kyau, jama'a da yawa su ka kalla, ya fi goma na ganin dama.

A ƙarshe, kangon tarihi ba mahaƙa ba ne. Gutsuren kasko ko kashin maƙera da ke zube a Azelik ko Afunfun, darajarsa tana ga wurin da ya ke kwance. In an ɗauke shi, ya zama tsakuwa kawai. Mun ga yadda masu tonon sata su ka yi wa kufan Bura kaca-kaca, a yammacin ƙasa. Dokar 1997 ta kare kayan tarihi ta hana tono ba da izni ba, arzikin cikin ƙasa kuma na hukuma ne. Wanda ya tsinci wani abu, sai ya sanar da hukumar wurin, ko cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni.

Kira gare mu

Baƙo daga nesa yana sayen koren dutse da tsada don ya kwaikwayi abin da a ka yi cikin ƙasarmu. Mu kuwa muna da yumɓu, muna da maƙera masu jin maganar wuta, muna da malaman kimiyya da na tarihi a kolej da lise. Abin da ya rage shi ne su zauna inuwa ɗaya: malami ya kawo lissafi da ka'idar tsaro, maƙeri ya kawo hannu da ido, masanin duwatsu ya zaɓi dutsen da ba shi da illa. Ɗalibin da ya ga koren gari ya shiga wuta, ya ga ƙwayar jan ƙarfe ta fito cikin toka, ba zai sake taka kashin maƙera a daji ya wuce ba tare da ya duƙa ya duba ba. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu haƙurin dafa dutse, ya kuma kiyashe mu da sharrin wuta.